Wasan "kun maƙale a duniyar wata": yana da daɗi sosai, amma takardar amsar ba wahayi ba ce

Jama'a barkanmu da war haka. Yau ina so in yi magana a kan wasan nan na tsira a duniyar wata, wanda mutane suka fi sani da wasan NASA, wato hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, irin wanda ake rabawa a wajen bita ko horon ma'aikata ko a aji in malami yana so ɗalibai su koyi aiki tare. Na yi shi a matsayin ɗan wasa, daga baya kuma na jagoranci wasu suka yi, kuma tun daga nan nake ta ba mutane shawara su gwada shi, amma fa akwai abubuwan da suka tsaya min a rai game da shi waɗanda ya kamata duk mai niyyar amfani da shi ya sani tukuna.

Shi kayan wasan ba wani abu ba ne mai yawa, takarda ce shafi biyu ko uku, kyauta ake samunta a intanet, ka sauke ka buga a firinta shi ke nan. Wasu suna yin nasu da katuna masu hoto, kuma gaskiya katunan sun fi, don mutane suna iya ɗaga kati su matsar da shi sama ko ƙasa suna gardama, ba sai an yi ta goge-goge da biro ba. Labarin da ke ciki shi ne wai ku 'yan sama jannati ne, jirginku ya samu matsala ya faɗo a ɓangaren wata da rana ke haskawa, uwar jirgin da za ku haɗu da ita tana can nesa mil 200, wato wajen kilomita 320, kayanku duk sun lalace sai guda 15 kacal suka tsira. Akwai tukwanen iskar oksijin guda biyu kowacce fam 100, ruwa galan 5 wanda ya kusa lita 20, taswirar taurari, busasshen abinci, rediyon FM mai aiki da hasken rana wanda ke aikawa yana kuma karɓa, igiyar nailan ƙafa 50, akwatin taimakon gaggawa har da allurai, yadin farashut, kwale-kwalen roba mai hura kansa, wutar sigina, ƙananan bindigogi biyu, katon ɗin madarar gari, hita, kamfas, sai kwalin ashana. Aikinka ka jera su daga na 1 wanda ya fi muhimmanci har zuwa na 15.

Da farko kowa zai jera nasa shi kaɗai ba leƙen na wani, bayan nan sai a zauna rukuni-rukuni a fitar da jeri ɗaya da kowa ya yarda da shi, kuma dokar ita ce ba ƙuri'a, ba "kai dai bar shi haka mu wuce", sai an gamsar da juna. A ƙarshe a fito da jerin NASA a kwatanta. Idan ka sa abu a na 3 su kuma sun sa shi a na 10 to ka ɗebi maki 7, a tara duka, wanda makinsa ya fi ƙanƙanta shi ya fi kusa da ƙwararru. Mafi munin abin da mutum zai iya samu 112 ne, in ya juya jerin gaba ɗaya ƙafa a sama. Asalin wasan daga wani masanin halayyar ɗan Adam ne a Amurka mai suna Jay Hall, wanda ya yi amfani da shi wajen shekarar 1970 don ya nazarci yadda rukuni ke yanke shawara, jerin amsar kuma ƙwararrun NASA ne a birnin Houston suka bayar. To kun ga wasan ya haura shekara 50.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake tilasta maka ka yi tambaya ɗaya tak, me zai fara kashe ni? Mutum in ya rasa iska gaba ɗaya a wajen da babu iska kwata-kwata, cikin daƙiƙa 15 ko ƙasa da haka ya suma, ruwa za ka iya yin 'yan kwanaki, abinci kuwa makonni. Shi ya sa NASA ta sa oksijin na 1, ruwa na 2, abinci kuma sai na 4, har taswira ta riga shi, don in ba ka san inda za ka ba cikinka a ƙoshe ba zai kai ka ko'ina ba. A nan ba ni da ja ko kaɗan, tsarin daidai ne.

Sai kuma tarkunan da aka ɗana, nan ne daɗin yake wallahi. Ashana ce ta 15, don itace ba ya ci da wuta inda babu iska, amma za ka sha mamakin yawan mutanen da hannunsu ke kai ta sama ba tare da sun yi tunani ba, saboda duk labarin ɓata a daji da suka taɓa ji da hura wuta yake farawa. Kamfas na 14, don wata ba shi da maganaɗisu irin na duniya mai nuna arewa da kudu, sai ɗan abin da ke maƙale a duwatsu nan da can wanda ba zai yi wa allurar kamfas wani amfani ba. Hita na 13, don a ɓangaren da rana ke dukansa zafi yana kaiwa wajen digiri 120.

A wani rukuni da na tsaya a kansu ina kallo, akwai wani bawan Allah mai murya, tun kafin a gama karanta labarin ya ja katin kamfas ya kafa shi a na 3 ya ɗora yatsa a kai, yana cewa ai ba a tafiya ba kamfas kowa ya san wannan. Wata baiwar Allah a gefen teburi ta ce a hankali, "Yallaɓai, ai kamfas maganaɗisun duniya yake bi, anya akwai shi a can?" Ba wanda ya tanka mata, aka ci gaba da gardamar ko madara ta fi igiya, ta sake faɗa sau ɗaya sannan ta naɗe takardarta ta yi shiru. Da aka buɗe amsa, makinta ita kaɗai ya fi na rukunin duka kyau, kuma shirun da teburin nan ya yi a lokacin ya koyar da su abin da lakcar awa biyu a kan sauraron juna ba za ta koyar ba. Mutumin da kansa ya juya ya ce mata, "Hajiya ki yi haƙuri, kin faɗa mana." Don wannan kaɗai ma wasan ya biya. A rukunan da suka saurari juna kuwa yawanci makin rukuni yakan fi na yawancin mutanen cikinsa kyau, wanda dama abin da aka ƙirƙiri wasan don ya nuna ke nan.

To amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Matsalata da wasan tana farawa ne lokacin da mai jagoranta ya ɗago takardar amsa ya karanta kamar hukuncin kotun ƙoli, wani ya yi tambaya mai hankali sai a ce masa "NASA ce ta faɗa", magana ta ƙare. Wannan yana ɓata min rai sosai, don wasu daga cikin amsoshin suna da rauni, kuma wanda ya lura da raunin shi ne ma ya fi kowa yin tunani a ɗakin.

Mu fara da tafiyar kanta. Kilomita 320 a ƙafa! Duk tarihin zuwa wata, mafi nisan da wani ɗan Adam ya taɓa yi daga jirginsa shi ne kilomita 7.6, a tafiyar Apollo 17 a Disambar 1972 (Apollo shi ne shirin NASA na kai mutane wata), kuma a mota suka je ba a ƙafa ba, sannan an ƙayyade musu nisan ne yadda in motar ta mutu za su iya takowa su dawo kafin iskarsu ta ƙare. Fita mafi tsawo da aka yi a kan wata awa 7 da minti 37 ce, a wannan tafiyar dai. In ka ce za ka riƙa yin kilomita 3 a awa ba tsayawa ba barci, kana bukatar sama da awa 100. Kuma takardar ba ta ce komai ba game da rigar da ke jikinka, alhali ita ce gidanka ita ce komai naka, ba ta faɗi ku nawa ne ba, ba ta faɗi ko fam 100 ɗin nauyin iskar ne ko har da ƙarfen tukunyar ba.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne oksijin ba shi zai fara ƙare maka ba. Mutum yana shaƙar abin da bai kai kilo 1 ba a yini in ba aikin ƙarfi yake ba, fam 200 kuma wajen kilo 90 ne, don haka in duk iska ce to ta ishi 'yan mutane kwanaki masu yawa. Abin da zai fara kama ka shi ne iskar da kake fitarwa, kabon dayoksaid, wadda in ta taru a cikin riga za ta sa maka ciwon kai da ruɗewa ta kwantar da kai ko da tukunyarka cike take. Rigunan Apollo suna da wani gwangwani mai sinadarin litiyam haidroksaid da ke tsotse ta, kuma yana cika cikin awoyi sai an canja. Babu shi a cikin kaya 15 ɗin nan. Batir ma babu, alhali shi ke juya fanka da famfon da ke cikin jakar da ake goyawa a bayan rigar, in ya mutu komai ya tsaya. Kuma wannan ba hasashe ba ne, a Afrilun 1970 da tukunyar oksijin ta fashe a Apollo 13 mutum uku suka koma cikin ƙaramin jirgin sauka da aka yi don mutum biyu, abin da ya taso musu shi ne taruwar kabon dayoksaid, gwangwanayen babban jirgi masu kusurwa huɗu ne ramin ƙaramin kuma zagaye ne, sai da injiniyoyi a ƙasa suka koya musu yadda za su haɗa su da leda da kwali da tiyo da salatif. Salatif fa! A Apollo 17 ma da murfin tayar motarsu ya karye ƙura tana watso musu, taswirori suka manne da salatif suka yi sabon murfi. Abin da ya fitar da mutane daga matsala a zahiri har sau biyu bai samu shiga jerin ba, amma madarar gari ta samu.

Ruwan ma takardar amsa tana maganarsa ne a matsayin na sha don maye gurbin gumi, wanda gaskiya ne amma rabin labarin ne. Rigar ɗan sama jannati kamar fulas take, zafin jikinka ba shi da inda zai je tunda babu iskar da za ta kwashe shi, don haka a ciki akwai wata rigar mai siraran bututu da ruwa ke zagayawa, sannan jakar baya tana sakin wani ruwan ya daskare ya tashi ya tafi da zafin. Jakar Apollo ɗaya tana ɗaukar wajen lita 4 zuwa 5 na wannan ruwan don fita guda. To lita 20 in ku huɗu ne, lissafa da kanka. Wannan bai sauke ruwa daga na 2 ba, ƙara masa daraja ma ya yi, amma dalilin da ake karanta wa mutane bai cika ba. Kuma ta yaya ma za ka ci busasshen abinci ko ka dama madara kanka yana cikin kwalkwali a rufe? 'Yan Apollo na ƙarshe-ƙarshe suna da 'yar jakar ruwa da ɗan sandan abinci a maƙale ta cikin wuyan rigar, iyakarta ke nan, ba wanda ya buɗe katon a fili.

Taswirar taurari a na 3 kuwa, nan ne na fi daɗewa ina tunani. Na yarda ɗari bisa ɗari cewa sanin hanya yana sama da abinci, kuma akwai labarin da ya tabbatar da haka. A Fabrairun 1971 Alan Shepard da Edgar Mitchell na Apollo 14 sun taka zuwa bakin wani rami da ake kira Cone, tafiyar da ba ta kai kilomita 2 ba, da taswira a hannunsu, suka yi ta hawa suna haki suna zaton ga bakin nan sai su tarar da wani tudun, har lokaci ya ƙure aka ce su juya, daga baya hotuna suka nuna saura 'yan mitoci kaɗan ne su isa. A wata babu bishiya babu gini babu hazo da ido zai auna nisa da shi, dutsen da ke nesa da na kusa duk tas suke fitowa, kuma da yake wata ƙarami ne iyakar ganinka in kana tsaye a fili bai wuce kilomita 2 da rabi ba. Amma fa labarin ya ce da rana kuke, ƙasa tana ƙyalli tana kashe ido, ga gilashin kwalkwali mai duhu, 'yan Apollo da kansu sun sha wahalar ganin taurari a irin wannan yanayin sai in sun shiga inuwa sun kare idonsu. Abin da suka dogara da shi rana ce da inuwa, motarsu ma tana da 'yar na'urar da ke auna inuwar rana don saita alƙibla. Sannan in kana ɓangaren da ke fuskantar duniya, ita duniyar tana nan rataye a sama kusan wuri ɗaya ba ta fitowa ba ta faɗuwa, babu alamar hanya da ta fi wannan. Ni da taswirar ƙasar watan aka ba ni mai nuna ramuka da tsaunuka da na fi murna.

Rediyon yana na 5 kuma takardar ta yi adalci, ta faɗa cewa FM sai ana ganin juna kuma ba ya nisa, ga shi wata ba shi da wannan rufin na sama da ke dawo da sigina kamar a duniya, don haka sai kun kusa isa zai yi amfani. Igiya a na 6 da yadin farashut a na 8 don inuwa, ba ni da magana. Kwale-kwalen ma ina ganin ya fi ƙarfin na 9, don shi za ka shimfiɗa ka ɗora tukwanen ka ja da igiya, ko ka kwantar da wanda ya ji rauni, tunda duk da nauyi a can kashi ɗaya cikin shida ne na nan, kilo 90 in ya fara gangarowa tsayar da shi ba wasa ba ne.

Wadda ba zan taɓa yarda da ita ba ita ce bindiga. Wai an sa ta a na 11 don za ka iya harbawa ƙarfin harbin ya tura ka gaba. Eh bindiga tana tashi ko babu iska don albarushin yana ɗauke da nasa oksijin ɗin, amma harsashi giram 15 ne, kai da rigarka kun haura kilo 150, turin da za ka samu bai wuce santimita 2 zuwa 3 a daƙiƙa ba, kuma ƙafarka tana kan ƙasa ko motsi ba za ka yi ba. A cikin mutanen da suka firgita, kowa ransa yana cikin riga mai iska wadda huji ɗaya ya isa, ni a ƙasan hita zan ajiye ta. Hitar ma ban so yadda aka yi watsi da ita ba, don rana a wata kwana 14 take yi dare ma kwana 14, kuma takardar ba ta faɗi ko da safiyar watan kuka faɗo ko da yammacinsa ba, in dare ya riske ku a hanya sanyi yana wuce digiri 130 ƙasa da sifili.

Duk da wannan dogon ƙorafin nawa, ina ba shi 8 cikin 10 a matsayin kayan horon aiki tare, amma a matsayin darasin kimiyya 5 zan ba shi sai in mai jagoranta ya yi nasa karatun. Ya dace da manya a wajen aiki, ya dace da ɗaliban sakandare zuwa sama, yara ƙanana kuma sai an rage musu kayan. Rukuni kada ya wuce mutum 5 ko 6, in ya wuce sai ka ga biyu suna magana saura suna kallon silin, kuma a ware aƙalla minti 45, mafi yawansa a ba wa gardama da tattaunawar bayan an buɗe amsa, kada a cinye shi a lissafin maki. Wayoyi kuma a ajiye su gefe tun farko don Allah, amsar tana intanet, mutum ɗaya ya leƙa ya kashe wasan ga kowa, kuma a tambaya ko akwai wanda ya taɓa yi sai a mayar da shi mai sa ido yana rubuta wa ya yi magana wa aka katse.

Ni yanzu in zan jagoranta, bayan an gama lissafi ina fito da ƙarin katuna uku da na yanka da kaina, batir da gwangwanin tace iska da salatif, in ce kowane rukuni ya saka su a jerinsa ya cire uku daga tsofaffin, sannan su yanke shawara ko ma tafiyar za a yi ko zama za a yi kusa da jirgin a tura mutum biyu da mafi yawan kayan. Wannan zagayen ba shi da takardar amsa, kowane rukuni sai ya tashi ya kare abin da ya zaɓa a gaban sauran.